Daga Gadar Wudil Zuwa Xiaobei

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, shanu da tumaki da hatsi namu ne, amma da wuya ka ɗaga wani abu a teburin 'yan koli ka tarar ba daga ƙetare ya zo ba. Tocila, kwaɗo, silifa, faifan sola, wayar Tecno ko itel da dillali ke dannawa a tsakiyar kara, har da babur ɗin Haojue da ya ɗauko mai kaji daga ƙauye. Da yawa daga cikin kayan nan lardi ɗaya ya haife su, can kudancin ƙasar Sin, wato Guangdong. Kamfanin Transsion mai Tecno da itel da Infinix a Shenzhen yake, Haojue kuma a Jiangmen ake ƙera shi. Babban birnin lardin shi ne Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Canton, kuma shi 'yan kasuwar Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da Farm Centre suka mayar wurin zuwa tun farkon shekarun 2000.

Ni ba ɗan kasuwa ba ne. Wani yayana, haifaffen Wudil mai shagon yadi a Kwari, shi ya gaji da tambayoyina ya ce in shirya mu tafi tare, gani ya kori ji. Bayan sallar Asuba muka tsallake gada, muka ci kilomita arba'in ɗin nan zuwa Kano, muka hau jirgin Habasha daga filin jirgin Malam Aminu Kano. An yada zango a Addis Ababa, daga nan aka kwana a sama, tafiyar kimanin awa goma, zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Agogonsu ya riga namu da awa bakwai. Abin da ya fara tarbar mu a bakin ƙofa zafi ne mai laima, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya tun bai yi taku goma ba. Na biyu kuwa shiru ne a waya: babu WhatsApp, babu Facebook, babu Google, duk a toshe suke. Birni mai mutum sama da miliyan 18, rubutun allunansa ba ka iya karanta ko ɗaya in ba an sa na boko a ƙasa ba, ga wayarka ta zama kurma. A nan ne mutum yake sanin darajar wanda ya zo tarbarsa.

Mai masaukinmu mutumin Maraɗi ne, ya haura shekara goma a garin, yana jin Sinanci har yana yi wa direban tasi gyara a hanya. Wanda ya san karar Wudil zai gane aikinsa nan take. Falken da ya koro shanu daga nesa ba ya faɗawa ciniki kai tsaye. Yana da fatoman da yake sauka a wurinsa, wanda zai ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a ciniki, ya karɓi la'adarsa, in kuma mai saye ya ci amana shi za a riƙe. To haka abin yake a can, sai dai sunan ya koma ejan. Shi ne zai kama maka ɗaki, ya kai ka kasuwa, ya yi maka tafinta, ya duba samfur, ya biya kafin alƙalami a masana'anta, ya tattara kayanka a sito, ya miƙa wa 'yan kago. Bayan ka koma gida shi ne idonka. Ba takarda ke riƙe da wannan hulɗa ba, sanayya ce: ya san gidanku, kun san nasu, kuma labarin wanda ya ci amana yana isa Kwari kafin kwantenarsa ta iso.

A Xiaobei muka sauka, cikin gundumar Yuexiu, unguwar da aka fi sani da baƙin Afirka Musulmi. Akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai wannan suna a layi na 5. Kana fitowa za ka hango benen Tianxiu, dogon gini wanda hawa na ƙasa-ƙasa shaguna ne, na sama kuma ofisoshin kago da ɗakunan haya. Ka haye gadar ƙafa da ta ratsa babban titi, ka kutsa lungun Baohan cikin unguwar Dengfeng, sai kunnenka ya fara tsintar Bambaranci da Fulatanci da Faransanci da Larabci, can kuma ka ji wani ya ce "sannu da zuwa" da harshen Damagaram. Ciniki da Basine yawanci da kalkuleta ake yi. Ya danna farashi ya juyo maka da ita, ka goge ka danna naka, ya kama kai kamar ka zage shi, ya sake dannawa. Na ga wata Hajiya, da alama daga Yamai take, ta kwashe kusan rabin awa a haka kan gyale, ba Sinanci ba Turanci, har aka daidaita, mai shagon ta zuba mata shayi. 'Yan'uwanmu Inyamurai kuwa sun fi yawa a wajen Sanyuanli da titin Guangyuan ta Yamma, inda kasuwar Canaan take, ta tufafi da takalma.

Amma duk wanda ya daɗe a garin, abu ɗaya zai fara gaya maka: ba ka ga Xiaobei ba, saurarta ka gani. Mai masaukinmu ya tsaya da mu a kan gadar nan ta ƙafa da daddare ya ce wa yayana, "Alhaji, kai shaida ne. Da can a nan wurin, in ka jefa allura ba za ta taɓa ƙasa ba." Masu gasa kifi da masara, masu canji, masu sayar da layin waya, masu ɗaukar hoto, duk a titi har tsakar dare. A 2014 hukumomi suka shiga gyaran Dengfeng, aka kori masu tebura, aka shimfiɗa daɓe, aka kafa kyamarori da rumfunan 'yan sanda. Wurin ya yi tsabta, wannan ba a musu, amma da yawa daga cikin waɗanda suka raya shi sun watse. Kafin nan ma zaman ya fara tsami. A Yulin 2009 ɗaruruwan 'yan Afirka, akasarinsu 'yan Najeriya, sun yi dafifi a ƙofar wani ofishin 'yan sanda bayan wani ɗan Najeriya ya diro daga bene yana gudun masu duba fasfo. A Yunin 2012 aka sake fitowa kan rasuwar wani ɗan Najeriya a hannun 'yan sanda. A Yulin 2013 sabuwar dokar shige da fice ta fara aiki, ta tsananta hukuncin wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba.

Sai kuma Afrilun 2020, wanda har yau in an ambata fuskoki ke canzawa. Lokacin korona ne aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi da jakunkunansu. Bidiyon ya zagaya duniya, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin a Abuja, Zhou Pingjian, ya nuna masa da idonsa. Hukumomin Sin sun ce ba wariya ba ce, sun kuma yi alkawarin gyara. Alƙaluman da birnin ya fitar da kansa sun nuna yadda abin ya zube: 'yan Afirka kimanin 16,000 a 2014, sai 13,652 a Disambar 2019, sai 4,553 a Afrilun 2020. Tun da aka sake buɗe ƙasar bayan korona a 2023 mutane suna dawowa, amma yawancin waɗanda na haɗu da su masu zuwa ne su sari kaya su juya, ba masu zama ba. Abin da aka yi wa mutanenmu a 2020 bai dace ba, kuma ba na jin akwai dalilin lafiya da zai wanke shi. Haka nan kuma ba zan ɓoye ba cewa masu shigowa da bizar wata ɗaya su ɓace shekara uku sun jawo wa masu gaskiya bincike da zargi.

Ba 'yan sanda kaɗai suka rage jama'a ba, kasuwar ma ta juya. Albashin ma'aikata ya hau a Guangdong, kaya sun ƙara tsada. Naira ta faɗi: kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. An ƙulla yarjejeniyar musayar naira da yuwan tun 2018, ta yuwan biliyan 15, amma ƙananan 'yan kasuwar da na zanta da su har yanzu ta hannun 'yan canji suke bi. Sannan Sinawan da kansu sun gano hanyar Kano. A Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 45 daga cikinsu a Kantin Kwari bisa zargin yin cinikin da doka ba ta ba su ba, amma a 2019 sai ga Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang sarautar Wakilin 'Yan China. Wanda ka tsallaka teku ka je saro kaya a wurinsa, yau sitonsa na bayan shagonka.

Duk da haka mai niyyar zuwa zai zo, don haka ga abin da mazauna garin suka nanata mini. Fasfo kada ya bar jikinka, ko sallah za ka. Doka ce baƙo ya yi rajistar inda ya sauka cikin awa 24. In otal ne su za su yi maka, in gidan wani ne sai ku je ofishin 'yan sandan unguwa tare, kuma kada a ɗauki wannan da wasa don ranar sabunta biza za a tambaya. Ka sauke WeChat da Alipay tun kana gida, domin kusan komai da waya ake biya, har mai sayar da ayaba a bakin titi yana da ɗan hoton da za ka haska. Tun 2023 ana iya haɗa su da katin banki na ƙasar waje, sai dai ka gwada naka kafin ka dogara da shi. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga. In ba Baje Kolin Canton ya kawo ka ba, ka kauce wa tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Tun 1957 ake yin wannan baje koli sau biyu a shekara, yanzu a Pazhou, kuma lokacinsa kuɗin ɗaki ninkawa yake.

Zirga-zirga kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi komai: arha, sanyi, ga sunayen tashoshi da haruffan boko. Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne ban ga babur mai mai ko ɗaya a tsakiyar gari ba. Tun 2007 aka hana su. Lardin da ke ƙera mana babura ya kore su daga babban birninsa, sai masu lantarki da ke wucewa shiru, har sai sun kusa taka ka kafin ka ankara.

Abinci shi ne abin da ya fi damun baƙo Musulmi, domin mutanen Canton ba su da abin da suke ƙyama a tukunya, kuma man alade yana shiga inda ba ka zata ba. Alamar da za ka haddace ita ce 清真, galibi a koren allo. Ita ce halal. Mafi sauƙin samu shagunan taliyar Lanzhou ne, na Musulmin ƙabilar Hui, waɗanda da yawansu daga lardin Qinghai suka zo. A gabanka yaro mai farar hula zai ɗauki curin ƙullu, ya ja, ya ninka, ya sake ja, ya buga a tebur, kafin ka ƙifta ido ya zama zare-zare, ya watsa a tafasasshen ruwa, a zubo maka da romon naman sa da yaji. Akwai kuma 'yan Uigur masu gurasa da tsiren rago mai ƙamshi. In kewar gida ta taso, mai masauki ya san ɗakunan da ke can saman benaye, babu allo babu suna, inda wata baiwar Allah ke tuƙa tuwo. A irin wannan ɗaki na sha miyar kuka da daddawar da aka ce daga Maraɗi aka zo da ita, muna zaune a ƙasa mu kusan goma, kowa na lissafin bambancin awa don ya kira gida kafin yara su tafi makaranta.

Ranar da ta fi kowace a wurina ita ce Juma'a. Masallacin Xianxian yana kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, daura da lambun Lanpu, ana sauka a tashar Yuexiu Park ta layi na 2. Ka shiga ta ƙofa sai hayaniyar gari ta yanke, ga manyan itatuwa, ga tsofaffin kaburbura masu rubutun Larabci da Sinanci. Dubban mutane ke taruwa: Hui da Uigur, Larabawan Yaman da Masar, 'yan Pakistan, Turkawa, 'yan Mali da Gini da Senegal, da mu. Masallacin kan cika, a shimfiɗa darduma a ƙarƙashin itatuwa. Alƙibla a can yamma take, kuma sai da na ga sahu ya daidaita zuciyata ta yarda. Na tsaya tsakanin wani tsoho Basine mai ɗan siririn gemu da wani saurayi Basomale, ba wanda ke jin yaren wani, aka kabbara tare. Bayan an sallame, sai gaishe-gaishe a harabar: nan ake jin wa ya iso daga Kano, wa aka tsare kan biza, wa ya rasu ana haɗa kuɗin jana'iza. Hausawan garin ba su da wata majalisa da ta wuce wannan.

A cikin harabar akwai wani ɗan gini mai ƙubba wanda Musulmin Sin ke cewa kabarin Sahabi Sa'ad bn Abi Waƙƙas ne, Allah Ya ƙara masa yarda. In mutum ya yi karatu a ciki muryar kan amsa kuwwa. Malaman tarihin Musulunci dai sun tafi a kan cewa Sa'ad ya rasu ne a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a, kuma ni ma a nan na tsaya. Amma wannan bai rage wa wurin ƙima a idona ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne fataken Larabawa da Farisawa sun zauna a wannan gari tun zamanin daular Tang, da unguwarsu da alƙalinsu. Shaidar tana titin Guangta, inda masallacin Huaisheng yake da hasumiyarsa mai tsawon mita 36, mulmulalliya, ba ado, wadda a da jiragen ruwa ke hangowa daga Kogin Lu'ulu'u kafin gaɓar ta ja baya. Fiye da shekara dubu ke nan baƙi Musulmi ke zuwa garin nan neman halal. Mu ne dai na baya-bayan nan.

Kasuwanni kowa da tasa. Mai yadi Zhongda zai nufa a gundumar Haizhu, inda za ka wuni kana tafiya ba ka ga ƙarshen layukan ba. Tufafi ɗinkakku suna Baima kusa da tashar jirgi, jakunkuna da kayan fata a Sanyuanli, wayoyi na hannu a Dashatou, sababbi kuma sai Huaqiangbei a Shenzhen. Kujeru da gadaje da tayil a Foshan, musamman Lecong. Masu babban jari a harkar yadi sukan wuce Keqiao a lardin Zhejiang, 'yan koli kuma Yiwu. An kai ni na ga Hasumiyar Canton mai tsawon mita 600 da aka buɗe a 2010, tana canza launi da daddare. Ta yi kyau.

Abin da ya fi ta tsaya mini shi ne wata 'yar masana'antar ɗinki a bayan gari, inda yayana ya je duba aikin da ya bayar. Hawa na uku ne na wani gida, kekuna ba su wuce ashirin ba, mai gidan yana yanka, matarsa na lissafi, surukinsa na guga. Ba wani sirri, ba wata na'urar da telan Wudil ba zai iya koyo cikin wata guda ba. Bambancin shi ne wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, mai zare yana lungu na gaba, mai maɓalli yana na bayansa, mai kwali zai kawo cikin awa ɗaya in an kira shi. Na tuna masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka rufe ɗaya bayan ɗaya, na tuna ɗaliban injiniya da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote ke yayewa a garinmu kowace shekara, raina ya sosu. Shekara ashirin muna zuwa garin nan, mun san farashin komai, amma kaɗan ne cikinmu suka dawo da injin maimakon abin da injin ya yi. Da na faɗa wa yayana haka sai ya ce, "Ƙanena, ka kawo mini wuta, gobe in sayi injin." Gaskiya ya faɗa, kuma ba laifin ɗan kasuwa ba ne.

Kayansa sun shiga kwantenar haɗaka da ta wasu mutum huɗu. Za ta yi wata ɗaya da 'yan kai a teku kafin Legas, sannan kwastan, sannan tirela zuwa Kano. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023 da nufin a riƙa sauke irin waɗannan kaya a gida, amma nasa ta Legas za su fito kamar kullum. A sito, ana liƙa wa dilolin lamba, ya lissafa kuɗin jirgi da biza da ɗaki ya ga sun cinye ribar da a da take isar sa, sai ya ce wa mai masaukinmu daga yanzu sai dai ya riƙa turo masa hoton samfur ta WeChat, shi kuma ya turo kuɗi. A da ana cewa zuwa da kai ya fi aike. Yanzu rabin abokan cinikin mutumin nan aike suke yi. Shi kansa takardar zamansa shekara-shekara ake sabunta ta, iyalinsa ya mayar da su Maraɗi saboda karatun yara, kuma kuɗin hayar ofis bai sauka ba don baƙi sun ragu.

"To kai fa, Alhaji?" in ji yayana. "Kana nan dai ko?"

"Bana ina nan, in Allah Ya so," ya ce. "Baɗi sai na ga abin da biza ta ce. Yaran da na koya wa aiki biyu sun koma Yiwu, suna ta kirana. In na tashi zan ba ka lambar wanda zai riƙe maka kaya a nan, ɗan Zinder ne, na san mahaifinsa."